Ina Manhajarka Ke Ajiye Makullanta? Bayani Kan Fayil ɗin Saiti

Masu bibiyarmu na Sundimina da cikin garin Birnin Kudu, da na Gwaram, Sara, Basirka da Fagam, da waɗanda karatu ko neman abinci ya kai Dutse ko Kano, duk muna gaishe ku. Kamar kullum, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda datarsu ba za ta ɗauki sauti ba.

Yau maganar kwamfuta za mu yi, amma kada wanda bai karanci fannin ba ya ce ba da shi ake ba. In ka taɓa cike fom a intanet, ka rubuta sunanka da lambar wayarka da lambar NIN, to da kai ake.

Yanzu yaranmu da yawa sun iya gina shafin intanet. Wasu a Jami'ar Tarayya ta Dutse suka koya, wasu a cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wasu kuwa YouTube ce malaminsu. Su ne ke gina wa makarantu shafin duba sakamako, su gina wa ƙungiyoyi shafin rajistar mambobi da biyan kuɗin wata. Abin alfahari ne. Sai dai akwai wani ɗan ƙaramin fayil, sau da yawa bai wuce layi ashirin ko talatin ba, wanda duk amanar mutanen da suka yi rajista ta rataya a kansa. Shi ne fayil ɗin saiti. Yadda manhaja ke karanta shi, da inda aka ajiye shi, shi ne darasinmu na yau.

MENE NE SAITI?

Kowane shafi mai aiki yana da gaba da baya. Gaban shi ne abin da kake gani a wayarka: fom, hoto, maɓallin da kake dannawa. Bayan kuwa wata kwamfuta ce da ba ta barci, tana can a wani gari, wataƙila Legas, wataƙila Jamus ko Amurka. Ita ake kira saba, wasu malamanmu na Hausa suna ce mata uwar garke. A kanta manhajar ke gudana: ta karɓi abin da ka rubuta, ta kai shi rumbun adana bayanai, ta tura maka saƙon tes, ta tabbatar kuɗinka ya shiga.

To ku ɗauki na'urar POS. Mai POS na bakin tasha a Birnin Kudu da mai POS na kasuwar Sara, in kamfani ɗaya ya ba su, manhaja ɗaya ce a cikin na'urorinsu. Amma kuɗin wannan ba ya faɗawa asusun wancan. Me ya raba su? Lambar na'ura daban, asusu daban, lambar sirri daban. Wannan abin da ya bambanta, shi ne saiti.

Haka manhajar saba take. Kod ɗin da aka rubuta ɗaya ne, ko a laftof ɗinka yake gudana, ko a sabar gwaji, ko a sabar da jama'a ke shiga. Abin da ke canzawa shi ne adireshin rumbun bayanai, sunan shiga da kalmar sirrinsa, makullin kamfanin biyan kuɗi irin Paystack ko Flutterwave, makullin tura tes da imel, agogon da za a bi, da ko a nuna cikakken bayanin kuskure ko a ɓoye shi. A cikinsu akwai waɗanda ba sirri ba ne, kamar sunan shafi. Akwai kuma waɗanda duk wanda ya samu, ya zama kai.

INA AKE AJIYE SHI?

Hanya ta farko, wadda kusan duk ɗan koyo ke fara bi, ita ce rubuta kalmar sirri kai tsaye a cikin kod. Tana aiki, ba a ce ba ta yi ba. Amma duk inda kod ɗin ya je, makullin na biye da shi: filashin abokinka, wayar malaminka, GitHub.

Hanya ta biyu ita ce ware fayil na musamman. Kowane tsarin gina manhaja da nasa. WordPress na da wp-config.php. Django na da settings.py. ASP.NET Core na da appsettings.json. Spring Boot na da application.properties. Laravel na da jaka guda mai suna config.

Hanya ta uku ita ce bayanan muhalli. Wato ita kanta kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta ce ke riƙe da wasu sunaye da ƙimarsu, ta miƙa wa manhajar lokacin da ta tashi. A Node ana karanta su ta process.env, a Python ta os.environ, a PHP ta getenv. Da yake sa su ɗaya bayan ɗaya da hannu akwai gajiya, sai aka ƙirƙiro fayil mai suna .env, wanda daga kalmar Turanci ta muhalli aka gutsuro sunansa. Cikinsa layi-layi ne, suna a hagu, ƙima a dama, kamar haka:

APP_DEBUG=false
DB_HOST=127.0.0.1
DB_PORT=3306

A 2011 Adam Wiggins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Heroku, ya fitar da ƙa'idoji 12 na gina irin waɗannan manhajoji, ana kiransu Twelve-Factor App. Ƙa'ida ta uku kan saiti take, kuma ta kawo wani ma'auni mai sauƙi: da za a ce ka buɗe kod ɗinka yanzun nan kowa a duniya ya gani, akwai wani makulli da zai fallasa? In amsar e ce, to ba ka raba saiti da kod ba tukuna.

YAYA MANHAJA KE KARANTA SHI?

Da ka kunna manhajar, kafin ta amsa wa ko mutum ɗaya, sai ta bi matakai. Ta fara da ƙimomin da aka gina ta da su tun asali. Ta nemo fayil ɗin saiti ta karanta. Ta duba bayanan muhalli. Sannan ta haɗa su wuri guda, sauran sassan manhajar su riƙa ɗauka daga nan.

To idan suna ɗaya ya zo a wuri biyu da ƙima daban fa, wa ke rinjaye? Nan ne mutane ke kwana suna neman matsalar da ba ta ɓuya ba. Kowane tsari na da jerinsa. A ASP.NET Core, appsettings.json ake fara karantawa, sai fayil na muhallin da ake ciki, sai bayanan muhalli, sai abin da aka rubuta a layin umarni, kuma na ƙarshe ne ke danne na farko. Su kuwa manhajojin dotenv da ke karanta .env, a al'adarsu ba sa taɓa sunan da suka tarar saba ta riga ta saita. Ma'ana kana iya gyara .env sau goma, manhajar na nan tana amfani da tsohuwar ƙimar da ke cikin saba. Ka san jerin tsarin da kake aiki da shi, ka huta.

Abu na biyu, yawanci sau ɗaya ake karanta saiti, lokacin tashi. In ka canza, sai ka sake kunna manhajar. Masu Laravel ku saurara da kyau: in kun ba da umarnin config:cache, Laravel zai dunƙule saitin duka a fayil ɗaya saboda sauri, daga nan ya daina buɗe .env kwata-kwata. Duk inda kuka kira env a wajen jakar config, fanko zai dawo muku. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a kira env a cikin jakar config kawai, sauran wurare a kira config.

TARKUNA HUƊU

Na ɗaya. Duk abin da ya fito daga bayanan muhalli rubutu ne zalla, kwamfuta ba ta ɗauke shi lamba ko e da a'a ba. In ka rubuta false, a JavaScript da Python abin da ya iso shi ne haruffa biyar, kuma a wurinsu duk rubutun da ba fanko ba gaskiya ne. Kai kana ganin ka kashe abu, ashe a kunne yake. Dole ka fassara shi da kanka, ko ka yi amfani da abin da ke fassarawa.

Na biyu. Fayilolin YAML kuma wayo ne ya yi musu yawa. A tsohon tsarinsu na 1.1, in ka rubuta NO ba tare da alamar zance ba, sai a karanta shi a matsayin a'a. Alhali NO ita ce gajeriyar alamar ƙasar Norwe, har masu harkar suka sa wa matsalar sunan ƙasar. Mu nan inda za ta fi cizonmu shi ne lambar waya. Lambar da ta fara da sifili, in babu 8 ko 9 a cikinta, ana iya juya ta ta koma wata lamba daban. Maganin kawai ka sa ta cikin alamar zance. Haka ma kalmar sirri mai alamar # a cikin .env: in ba ka kewaye ta da alamar zance ba, ana iya yanke duk abin da ya biyo bayan alamar.

Na uku, agogo. Yawancin saba da agogon UTC suke zuwa, mu kuwa Najeriya muna gaba da shi da awa ɗaya. In ba ka saita Africa/Lagos ba, rajistar da aka ce za ta rufe sha biyun dare sai ta kai ƙarfe ɗaya, kuɗin da aka biya sha biyu da rabi ya faɗa lissafin jiya. A ƙungiyar da ake tara kuɗi, wannan kaɗai ya isa a zargi ma'aji da abin da bai ci ba.

Na huɗu, makullin gwaji da na gaske. Paystack na ba da iri biyu: mai farawa da sk_test na gwaji, da mai farawa da sk_live na kuɗin gaske. In aka bar na gwaji a shafin da jama'a ke shiga, ko sisi ba zai shiga asusu ba.

Duk waɗannan magani ɗaya ke rage su. Ka sa manhajarka ta binciki saitinta tun lokacin tashi. In wani makulli ya ɓace, ko lamba ta zo ba a siffarta ba, ta ƙi tashi, ta faɗi sunan abin da ya ɓace. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma kada ka taɓa sa wa kalmar sirri ƙimar ko-ta-kwana irin admin ko 1234, don ranar da aka manta saita ta gaske, da wannan manhajar za ta buɗe wa duniya ƙofa.

TA INA MAKULLI KE ZUBA?

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsaga uku ce ta fi yawa.

Ta farko, jakar public_html. Yawancinmu hostin mai araha muke saya, mai cPanel. Duk abin da ka zuba a public_html, na jama'a ne. In ka juye aikinka gaba ɗaya a ciki har da .env, kuma sabar ba ta toshe shi ba, duk wanda ya rubuta adireshin shafinka ya ƙara /.env a ƙarshe zai ga makullanka a fili. Ba sai ya iya kutse ba. Kada ka ce wa ya san da ɗan shafin wata makaranta a Sundimina. Ba mutum ne ke zaune yana nema ba, manhajoji ne ke zagaye intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa. A watan Agustan 2024 masu bincike na Unit 42 a kamfanin Palo Alto Networks suka bayyana wani gungun 'yan kutse da ya tattaro fayilolin .env daga shafuka kusan 110,000. Da makullan da suka samu suka riƙa shiga rumbunan mutane, su kwashe bayanai, su goge, su bar takardar neman kuɗin fansa. Gyaran: a Laravel jakar public kaɗai ya kamata duniya ta gani, .env ya zauna a wajenta. Masu WordPress kuma, kada ku bar kwafin wp-config.php da wani suna irin .bak ko .txt, don shi a rubuce zai buɗe.

Ta biyu, GitHub. A 2016 'yan kutse suka shiga ma'ajiyar kod ta injiniyoyin Uber a GitHub, suka tsinci makullin rumbun kamfanin a ciki, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57, fasinjoji da direbobi. Kamfanin ya biya su dala 100,000 ya yi shiru, sai a Nuwamban 2017 maganar ta fito. A 2018 ya amince ya biya dala miliyan 148 don sasantawa da jihohin Amurka. Toyota ma a Oktoban 2022 ta sanar cewa wani ɗan kwangila ya ɗora wani ɓangare na kod ɗin manhajarta ta T-Connect a GitHub da makulli a ciki, ya zauna a buɗe tun Disamban 2017, kusan shekara biyar, abin da ya jefa bayanan abokan ciniki 296,019 cikin haɗari. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ka sa .env a cikin .gitignore tun ranar farko. Ka ajiye wani fayil, .env.example, mai sunaye kawai babu ƙima, don abokin aikinka ya san me zai cike. In kuma makulli ya riga ya hau, goge shi bai wadatar ba, domin Git na riƙe da tarihin komai. Soke shi za ka yi ka karɓi sabo.

Ta uku, barin DEBUG a kunne. An yi shi ne don mai gini ya ga inda kuskure yake. In aka bar shi a shafin jama'a, da an samu matsala sai ya baje wa baƙo sunayen fayiloli da tsarin rumbu, a wasu tsofaffin samfuran Laravel ma har abin da ke cikin .env yakan fito. Ƙari a kan wannan, masu React da Next.js da Vite ku sani, duk sunan da ya fara da REACT_APP_ ko NEXT_PUBLIC_ ko VITE_ cikin wayar mai shiga shafin yake ƙarewa. Makullin sirri ba ya zuwa nan.

Ko ba a saci komai ba, saitin da aka yi ba daidai ba na iya durƙusar da ƙato. Kun tuna ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke tun wajen biyar saura na yamma har kusan sha ɗayan dare, kowa yana zagin netwok ɗinsa? Kamfanin da bakinsa ya ce canjin saiti ne a na'urorin da ke haɗa cibiyoyinsa ya jawo. Nasu na na'urorin sadarwa ne, namu na manhaja, amma darasin ɗaya: canjin saiti ma a gwada shi tukuna, kuma a ajiye tsohon don a iya komawa.

WANNAN AMANA CE

A ce wata Islamiyya ko ƙungiyar manoma a yankinmu ta sa an gina mata shafi. A rumbun akwai sunayen yara, hotunansu, lambobin iyayensu, wataƙila har lambar asusun banki. In makullin ya zuba, wa zai ji a jikinsa? Dattijon da za a kira a waya, a faɗa masa sunansa da na ɗansa da ajin da yake, a ce daga makaranta ne ko daga banki, ya karanto lambar da aka turo masa. Ya yarda, don mai kiran ya san abin da baƙo bai kamata ya sani ba. Kuɗin riɗin da ya sayar ke nan sun tafi.

Doka ma ta shigo ciki. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta ce in aka samu fallasar da ka iya cutar da mutane, a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai na iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta manya kuwa miliyan 10 ce ko kashi 2 ɗin.

Saboda haka shugabannin ƙungiyoyi da masu makarantu, ba sai kun iya kod ba. Ku tambayi wanda ya gina muku: ina makullan suke? Mutum nawa ke da su? Hostin da asusun biyan kuɗin da sunan ƙungiya aka buɗe ko da sunansa? Ranar da wani ya bar aikin, za a canza su? Sannan don Allah ku biya shi haƙƙinsa. Ba zai yiwu a ba yaro kuɗin data kawai, a ce kuma ya tsare amanar mutum dubu ba.

Ku kuma 'yan uwana masu gini, ku daina tura .env a guruf ɗin WhatsApp. Ku daina ɗaukar hoton allo da makulli a jiki kuna neman taimako. Wanda ke shiga rumbu ta manhaja, ku ba shi izinin abin da yake buƙata kawai, kada ku ba shi na mai gida.

Ga aikin gida. Yau ɗin nan, ka buɗe shafin da kai ka gina, ka ƙara /.env a ƙarshen adireshin. In rubutu ya fito, ka ɗauke fayil ɗin daga wurin, ka canza duk makullan da ke ciki kafin ka kwanta. Ka duba DEBUG. Ka duba .gitignore. Ka duba agogo. Naka fa na ce. Shiga na wani ba da izini ba laifi ne a Dokar Laifukan Intanet ta 2015, kuma ba tarbiyyarmu ba ce.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Duk wanda ya san wani matashi da ke wannan sana'a, ya tura masa wannan rubutu. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, amma kada a liƙo mana makulli a ciki. Allah Ya sa albarka a abin da muke koyo, Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.